Karkatacciyar Huɗa Ma Tana Ba da Masara

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Zariya lafiya, motar da ta ɗauke ki daga tashar Funtuwa ba ta jijjiga ki da yawa ba. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a masauki, Ya haɗa ki da abokan zama nagari a makarantar nan ta koyon aikin ungozoma. Na ce wa mahaifiyarki ta cusa takardar ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli, don na san nan hannunki zai fara zuwa in kin buɗe akwati.

Ba labarin gida zan ba ki ba, duk kin san shi. Magana ce da bakina ya kasa faɗi muna zaune, na ce bari in gwada ko biro zai fi ni ƙarfin hali.

Yau da safe da na leƙo na gan ki kin hau kan akwatin kin zauna don ya rufu, ƙannenki na yi maki dariya, wallahi ji na yi kamar an sauke mani buhun taki daga ka. Don kin sani, na sani, satin da ya wuce tafiyar nan ta kusa wargajewa. Ba ciwo ba, ba rashin guzuri ba. Tukunyar shinkafa.

Ranar sunan ɗan Gwaggonki Hinde, da ta zo wankan gida wurinmu, aka ba ki dafa shinkafar mata, ta kama a gindin tukunya. Mutane suka ci, suka suɗe hannu, suka watse, ƙanzon ma sai da yara suka yi faɗa a kansa. Ke kuwa kika shige ɗaki kika ja ƙyaure tun la'asar. Ina bayan ɗakin ina zuba wa shanu ciyawa, ba da niyyar laɓe ba, sai na ji muryarki ƙasa-ƙasa kina cewa, "Hannun ɓarna. Shinkafa ma ta gagare ki, wai ke za a damƙa wa mai naƙuda." Kika maimaita, kika sake maimaitawa, kamar mai tilawa. Da mahaifiyarki ta buga ƙofa kika ce mata kin fasa tafiya, a ba wata gurbin, wadda ta fi ki hankali.

Uwani, ciyawar da ke hannuna ta zube. Kalmar nan na san ta kamar yunwar cikina. A bakina kika tsince ta, ni kuma a bakin Baffa Haladu na tsinta. Bari in gaya maki irin ɓarnar da ta yi mani, ko kya san da wa kika kwana a ɗakin nan.

Kin san mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanensa Baffa Haladu ya ɗauke ni. Ina aji huɗu ya cire ni daga firamare ya kai ni gona. Ba zan ci amanarsa ba: ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, bai taɓa ɗaga mani hannu ba. Amma yadda yake koyarwa shi ne ya bi bayanka shiru, hannu a goye. Ka nome kunya bayan kunya tas, ba zai ce uffan ba. Ciyawa ɗaya ta tsere maka, a kanta zai tsaya, ya nuna ta da babban yatsan ƙafa, ya ce, "Hannun ɓarna." Shi ke nan, ya wuce. Da na girma na bar gandunsa, na ɗauka mun rabu. Ashe na taho da shi a cikin kaina. Kuma na cikin kan ya fi na gasken zafi, don shi ba ya zuwa kasuwa, ba ya barci.

Shekarar da aka haife ki na samu gonar bakin hanya, wadda masu zuwa kasuwar Bakori ke wucewa ta gefenta. A shekarar na fara huɗa da shanuna na kaina, Fari da Gajere, sababbin horo, ni ma sabon riƙon garma. Ruwan shuka ya sauka mai kyau, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Na huɗe gonar kaf. Da na fito bakin hanya na duba, sai na ga kunyoyin sun tafi sambal daga farko, a tsakiya sun lanƙwashe, sannan suka dawo. Ina nan tsaye sai ga wani abokina a kan babur da buhu a baya, ya rage gudu ya ce, "Iliya, maciji kake bi ne?" Ya yi dariya ya wuce. Na tabbata kafin ya kai Bakori ya manta ya faɗa. Ni kuwa maganar ta bi ni gida, ta ci tuwo tare da ni. Gobe kowa zai wuce ya gani. Baffa zai gani. Ga aikin hannun ɓarna an shimfiɗa a bakin hanya.

Washegari maƙwabta na ta shuka, ni na ɗauki garmar hannu ina baje kunyoyin da na yi jiya. Mahaifiyarki ta zo da fura, kina goye a bayanta, ga irin masara a ƙwarya, ta ɗauka shuka za mu yi. Ta tsaya ta dube ni ta ce, "Malam, lafiya? Wani abu ka binne ka manta wurin?" Na ce ta koma gida, abin bai shafe ta ba. Na baje, na ja igiya, na sake huɗa. Kunyoyi suka fito miƙe kamar layin littafi. Amma kafin in gama danshi ya tafi, ruwa ya ɗaga ƙafa. Na zauna ina kallon sama, masarar mutane na tsirowa. Da ruwan ya dawo na shuka a makare, damina kuma ba ta jira ni ba, ta ɗauke, masarata na tsakiyar goyo. Muka karyo totuwa mai ƙwaya jefi-jefi kamar haƙoran tsohuwa. Rumbu bai kai rabi ba. Tun kafin bazara muka koma awo a kasuwa, mahaifiyarki tana shayar da ke tana rage cinta. Wata rana tana tankaɗe ɗan garin da ya rage, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Da ana tuƙa miƙaƙƙiyar kunya, da bana har kyauta mun yi."

To ga abin da na saya da tsada, ke ki karɓa a arha. In kin yi kuskure, kafin ki ɗauki garma ki baje komai, tsaya ki tambayi kanki: wannan aikin ya ɓata, ko idona kawai ya ɓata wa rai? Masara ba ruwanta da karkatar kunya, danshi ta sani. Gyaran da na yi shi ya sa mu yunwa. Na san a aikin da za ki koya akwai kuskuren da ba a wasa da shi, don rai ne a hannu. In irinsa ya faru, ki ruga ki gaya wa na gaba da ke nan take, kada ki tsaya lissafin yadda za a dube ki. Na lura da mutane, wanda ke yi wa kansa mugun hukunci shi ya fi ɓoye kuskure, don ya san abin da ke jiransa a cikin kansa. Wanda zai iya cewa "na yi ba daidai ba" bai ji kamar ƙasa ta tsage ya shige ba, shi ake gyara wa da wuri.

Kada ki ɗauka yunwar nan ta sa na yi hankali. Ƙara tsananta wa kaina na yi. Damina ta zagayo, na shiga gona haƙora a cije, na rantse bana ba mai yi mani dariya. In na yi taku kaɗan sai in waiwaya in ga ko kunya ta miƙe, kuma duk waiwayen da na yi sai garma ta goce. In ta goce in ce Gajere ne, in zabga mashi tsumagiya. Tun yana zabura har ya daina. Da hantsi ya yi sai ya durƙusa a tsakiyar gona, karkiya a wuya, ya kwanta. Na ja igiyar hanci, na murɗa wutsiya, ko gezau. Ido kawai yake bina da shi.

Gonar da ke gabas da tamu ta tsoho Nomau ce, Bamagujen nan na unguwar bayan rafi, wanda kike ce wa Kaka mai goro kina ƙarama. Ba ya sallah, mu kuma ba mu bin abin da yake bi, amma ba a taɓa jin kanmu ba, kuma duk yankin ba wanda ya kai shi sanin halin shanu. Ashe yana zaune gindin ɗorawa yana kallona tun safe. Ya taso da sandarsa a hankali, ya ce, "Sannu da yaƙi, Malam. Wa ke cin nasara?"

Na ce, "Baba Nomau, bijimin nan malalaci ne. Mahauta zan kai wa shi."

Ya ce, "To madalla. Kai kuma wa zai saye ka?" Ya tsuguna ya kwance karkiya, ya sa hannu a wuyan Gajere yana shafawa, yana yi mashi magana kamar mai rarrashin jariri. Sannan ya ce, "Tun safe nake jin zagi daga gonar nan, na ce ko mutum biyu ne ke faɗa. Na duba, kai kaɗai ne. Rabi kana zagin bijimi, rabi kana zagin wani wai shi hannun ɓarna. Wane ne shi? Ɗan wane gida ne?"

Na sunkuyar da kai. Ban san a fili nake faɗa ba.

Ya ce, "Bijimi ya ji wuya ya kwanta, ya fi ka wayo. Wancan da kake zagi ko wurin kwanciya ba shi da. Zo nan, kawo hannunka."

Ya ɗora tafina a haƙarƙarin Gajere. Ina jin cikin na hawa da sauka kamar zugazugin maƙera. Ya ce kada in ɗauke sai numfashin ya lafa. Can ya ce, "Naka fa? Ji naka." Sai a lokacin na lura ƙirjina ma haka yake bugawa, muƙamuƙina ya yi tsami don cizo, ɗayan hannun kuma har yanzu yana damƙe da tsumagiya. Muka zauna gefen Gajere. Na ji kukan kurciya a kan ɗorawa, na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, abubuwan da tun safe suna nan ban san da su ba. Can Gajere ya fesar da numfashi, ya kaɗa kunne, ya miƙe da kansa. Ba wanda ya ce mashi tashi.

Nomau ya ce, "Dokata ɗaya ce. In ka kai ƙarshen kunya, kada ka juya nan take. Saki igiya, bari su sha iska, kai ma ka sha. A nan ake duba baya, a tsaye. In kana tafe kuwa, zaɓi itace ɗaya a gabanka ka sa mashi ido. Ku masu sallah ba ku ɗan tsayawa ne tsakanin sunkuyo da sunkuyo? Ai ina ganinku." Na yi dariya. Rabona da dariya a gona har na manta.

Nomau ya daɗe da barin duniya, amma tsayuwar nan ta bakin kunya tana nan, kuma ita ce abin da nake so ki tafi da shi. In kin ji muryar nan ta taso maki, tsaya. Ko a tsakiyar mutane kike, ba mai sani. Ji tafin ƙafarki a ƙasa. Saki haƙora, saki kafaɗa. Bi numfashinki yana shiga yana fita har ya lafa, kada ki kore shi, kada ki ja shi. Sannan ki sheƙe maganar kamar yadda ake sheƙe hatsi, abin da ya faru gefe guda, abin da muryar ta ƙara gefe guda. Shinkafa ta kama: wannan ya faru, gobe a rage wuta. "Ba ni da amfani, ba zan iya komai ba": wannan ƙaiƙayi ne, bar wa iska. Ni har wurin alwala na kai abin, na bar gaggawa, in tsaya in ji sanyin ruwa a kowace gaɓa. Da na ba Liman labari sai ya ce, "Iliya, ai kai ma bawan Allah ne. Wa ya ba ka izinin zagin bawan Allah don kawai a jikinsa kake kwana?"

Ba zan yi maki ƙarya in ce muryar ta tafi ba. Har yau tana zuwa. Da can kokawa nake yi da ita, in zagi kaina, in koma in zagi kaina don na zagi kaina, aiki ya zama biyu. Yanzu in ta zo sai in ce a raina, "Sannu da zuwa Baffa, ga inuwa, zauna, ina aiki." Ta yi surutunta ta gaji.

Saura wanda ya fi mani nauyin faɗi, don wannan ke na yi wa. Na koyi sassauta wa shanu, na fara koyon sassauta wa kaina, amma idon nan mai neman aibu bai mutu ba, gida ya koma. Ke 'yar fari ce, ga shi sunan mahaifiyata aka sa maki. Kin san al'adarmu, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa. Kawaici ne, na gada, ban kuma raina shi ba. Abin da ban lura da shi ba, al'adar ta rufe mani ƙofar yabo, ta bar ta faɗa a buɗe. Sai ya zama duk abin da kika taɓa ji daga bakina gyara ne.

Kin tuna tuwon farko da kika tuƙa? Da kaɗan kika fi turmi tsayi. Ranar gayya ce a gonarmu, mahaifiyarki na kwance da zazzaɓi, kika taka kujera kika tuƙa, kika ɗauko a ka har gona, miya na gangarowa a wuyanki. Abokaina suka ci suna ta sa albarka. Kika tsaya gefe kina wasa da bakin zane, kina satar kallona. Zuciyata fal take da murna, kamar in ɗaga ki sama. Amma ga mutane, ga kawaici. Sai yatsana ya ci karo da gudaji ɗaya. Na ɗaga shi na ce, "Wannan fa? Hannun ɓarna." Da wasa na faɗa, har aka yi dariya. Ke ba ki yi ba. Kika kwashe kwanoni kika kama hanya. Daga nan kalmar ta samu wurin zama a gidanmu, tulu ya fashe in faɗa, akuya ta kwance in faɗa, ban ɗauke ta bakin komai ba. Sai kwanan nan mahaifiyarki ke gaya mani, tun ranar gayyar ba ki taɓa kai tuwo gabana ba sai kin bi shi da yatsa kin lalube.

A can za ki zauna ɗaki ɗaya da 'ya'yan mutane, wata mai barin kwano ba wanki, wata mai minshari, wata mai ɗaukar bokitinki ba tambaya. Gaba kuma mata irin na ƙauyenmu za su zo hannunki a makare, a tsorace, sun sha abin da aka ce kada su sha. Idonki mai kaifi ne, irin nawa, zai ga gudaji kafin ya ga tuwo. Ganin ba laifi ba ne, da shi za ki ceci rai. Amma kafin ki ɗaga gudajin, fara faɗin tuwon. Kuma na lura da kaina, ranar da na fi zagin kaina a ciki ita ce ranar da kowa ke yi mani laifi a waje. In kin wayi gari kowa na ba ki haushi, duba ko ke kika fara ba kanki.

Kada ki riƙe Baffa Haladu a zuciya. Ni na daɗe ina riƙe da shi, sai bara na sauke. Kin san yanzu hannunsa na rawa. Wata rana na kai mashi kunu da safe, ya ɗaga ludayi, ya zube a rigarsa. Bai san ina kallo ba. Ya dubi hannun, ya buge shi da ɗayan, ya ce ƙasa-ƙasa, "Hannun ɓarna." Tsoho da furfurarsa, shi kaɗai da hannunsa. Sai na gane shi ma wani ya ɗora mashi, ya yi ta ɗauka tsawon rayuwa ba wanda ya ce ya sauke. Na zauna kusa da shi na karɓi ludayin, na ce, "Baffa, hannun nan ne ya ciyar da ni." Ya harare ni ya ce, "Kai dai ba ni kunu, ka cika surutu." Amma ya shanye tas.

Shi ya sa washegarin sunan ban yi maki faɗa ba, ban kuma tsaya lallashi ba. Cewa na yi ki rako ni gonar bakin hanya ki kama mani buhu. Bana ma akwai kunyoyin da suka lanƙwashe a tsakiya, don ƙanenki Sani na ba garma ya koya, na kuma bar su yadda suka fito. Muka tsaya, masara ta fi mu tsayi, kowane kara da goyonsa. Na ce, "Uwani, nuna mani inda huɗar ta karkace." Kika shiga, kika fito, kika sunkuya kika leƙa ta ƙasa, kika ce, "Baba, ai ba a gani." Na karyo goyo ɗaya daga inda na san karkatar take, na ɓare na miƙa maki, ƙwaya a jere har baki. Kika daɗe kina juya shi a hannu. Sannan kika ce, "Baba, in na je na kasa fa?" Na buɗe baki, kawaicin nan ya tare ni, abin da ya fito kawai shi ne, "Mu tafi, rana na yi." Amma muna shiga gida na ji kina tambayar mahaifiyarki ko tela ya gama ɗinka fararen kayanki na makaranta. Na zagaya bayan shanu na yi hamdala.

Ga amsar da na kasa ba ki a gona. In kin je za ki kasa wani abu, wannan ba shakka, don ba wanda ya koyi garma bai karkace ba. In ya faru, ki tsaya a bakin kunya, ki sha iska, ki juya ki kama ta gaba. Kada ki baje gonar. Kada in ga kin ɗauko akwati kin dawo don jarrabawa ɗaya ta ba ki kashi, ko don wata malama ta daka maki tsawa a gaban mutane. In ciwo ne, ko wani ya cuce ki, wannan daban, ƙofar gidan nan ba ta da sakata a kanki. Ki riƙa yi wa kanki magana yadda kike yi wa ƙanwarki Bilki in ta faɗi ta kurje gwiwa. Na sha jin ki da ita, ba ki taɓa ce mata hannun ɓarna ba.

Kuma tunda takarda ba ta da idon da zan ji nauyi, bari in faɗa. Tuwon nan ya yi daɗi. Na ci tuwo a gidajen biki da yawa, ban ci wanda ya zauna mani kamarsa ba. Hannunki ne ke riƙe gidan nan duk lokacin da mahaifiyarki ta kwanta. Hannunki ne ya juya ɗan akuyar nan da ya zo ta ƙafa, lokacin da ni da kaina na ce a kawo wuƙa kada uwar ta mutu a banza, ga su nan su biyu suna cinye mana shanya. Kalmar can na karɓe abata. Ba taki ba ce, kada ki kai ta Zariya.

Za ki ga na soke kalmomi a wurare da yawa, layukan kuma sun gangara kamar huɗar Sani. Na sayo wata takardar don in sake kwafewa da kyau, har na ɗauki biro. Sai na ce, sannu da zuwa Baffa, ga inuwa. Ga ta nan yadda ta fito.

Mahaifiyarki na gaishe ki, Sani da Bilki na gaishe ki, Gwaggonki Hinde ta ce ki yi sauri ki koyo, haihuwarta ta gaba ke za ki karɓa. Ki riƙe sallah, ki ci abinci a kan lokaci, ki kira mu in kin samu sarari. Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki, Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin muryar da ke cikin kai. Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya yi maki albarka, Ya sa albarka a hannunki, Ya sa duk wani rai da aka damƙa maki ya sauka lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Iliya